Magudanar ruwa biyu a rufin shaguna: abin da magina suka ce

Jiya bayan Isha'i mun zauna da 'yan uwa magina a Jidda kan rufin siminti na shaguna da sito. Kowa dai ya yarda magudana ɗaya ba ta isa, don a nan sai a yi watanni ba ruwa, ƙura da leda sun toshe bututu, ranar da aka tafka ruwan sama irin wanda ya jawo ambaliya a Jidda a Nuwamban 2009 sai rufi ya zama tafki. Ruwa mai zurfin santimita 10 ma kilo 100 ne kan kowace murabba'in mita fa!

Shawarar: a ƙara ta biyu, bakinta ya ɗara na farko tudu da kamar santimita 5, bututunta daban, ya zubar inda ido zai gani kamar indararo. Wani dattijonmu ya ce in ka ga tana zuba, ta farkon ta toshe, hau ka share.