Karin maganar Yukiren a harshen Folan: a bar sunan gari ko a sauya?

Ɗalibi, Madina:
Assalamu alaikum, malamai. A darasin tarjama mun tattauna harsunan Yukiren da Folan, waɗanda dangin juna ne ko da yake haruffansu sun bambanta. Mutanen Yukiren kan ce "harshe zai kai ka Kiyef" (babban birninsu), wato matambayi ba ya ɓata, su kuwa na Folan cewa suke "tsinin harshe ne ja-gora". Idan mai tarjama ya tarar da na farkon a littafin adabi, na Folan zai ɗauko, ko kuwa zai bar Kiyef a wurinta?

Malam, Makka:
Wa alaikumus salam. Ni dai a bar ta. Ana danganta wannan karin magana da masu ziyarar ibada da ke takawa a ƙasa zuwa tsohuwar cibiyar rahibai ta cikin kogo a Kiyef, wadda aka kafa a ƙarni na 11, suna tambayar hanya ƙauye bayan ƙauye. Mu da kakanninmu suka ratso Chadi da Sudan da ƙafa har suka iso nan mun san nauyin sunan gari a bakin matafiyi, kuma duk wanda ya cire shi ya raba maganar da tarihinta.

Hajiya, Jidda:
Allah ya gafarta Malam, na yarda da kai a inda marubucin yake son a ji ƙasarsa, amma ba ko'ina ba. Idan wata tsohuwa ce a labarin ta jefa maganar cikin raha tana sallamar jikanta, abin da ake bukata shi ne mai karatu ya gane nan take, kuma na Folan ɗin ya wadatar. Kafin a yanke hukunci ya kamata a duba kundin karin maganar Yukiren na Matviy Nomys na 1864, da wanda Ivan Franko ya fitar a birnin Lviv daga 1901 zuwa 1910, a gwada su da na Samuel Adalberg na Folan, domin a yankin Galisiya, wanda ya haɗa yammacin Yukiren da kudu maso gabashin Folan, al'ummomin biyu sun daɗe suna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, har karin magana da yawa suka zama na tarayya.

Ɗalibi, Madina:
Na gode, Hajiya. Saura batun amsa-amo: "bukkata tana gefen gari, ban san komai ba" a asalinsa na Yukiren yana da ƙarshen sauti iri ɗaya. Ma'ana za a fifita a nan, ko sautin?