eBay ya sake ƙara la'ada: mai ƙananan kaya zai fita kuwa?

Sani Tarkace:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar gwanjon intanet. A ce mutum ba ɗan kasuwa ba ne, sha'awa ce kawai ta sa yake tara ƙananan motocin wasa ko tsofaffin kayan kyamara, in sun yi masa yawa ya sa guda goma ko ashirin a gwanjo a wata. A Fabrairun 2025 dandalin gwanjo na eBay a Amurka ya ɗaga la'ada daga kashi 13.25 zuwa 13.6 cikin ɗari a yawancin kaya. Ƙarin bai kai rabin kashi ɗaya ba, amma masu ƙananan kaya sai kuka suke yi wai ba a fita. Ta ina kuɗin yake zurarewa? Kuma yaya ake yanke farashin buɗe tayi don kada a faɗi?

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ba wannan ƙarin ne yake kashe su ba, ya dai tashe su ne suka duba lissafi. Ciwon yana wuri biyu. Na farko, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake cire la'adar ba, a kan duk abin da mai saye ya biya ne: kuɗin kaya, kuɗin aikawa, har da harajin saye da eBay ke karɓa ya miƙa wa jiha, wanda ko sisi ba ya shiga aljihunka. Na biyu, akwai tsayayyen kuɗi a kan kowace oda, santi 30 in ba ta wuce dala 10 ba, santi 40 in ta wuce.

Bari mu buga. An sallama motar wasa a dala 5, aikawa dala 4, mu ƙaddara haraji kashi 8 ne, wato santi 72. Jimla 9.72. Kashi 13.6 na wannan ya kama 1.32, ka ɗora santi 30, ya zama 1.62. A kan kayan dala 5, kusan kashi 32 ke nan. Yanzu ɗauki kyamarar da ta tashi a dala 100, aikawa dala 8. Da haraji jimla 116.64, abin da za a cire 16.26, kashi 16 da ɗoriya. Ka ga doka ɗaya, amma nauyinta a kan mai ƙaramin kaya ninki biyu ne. Shi kuwa ƙarin na Fabrairu, a kan motar nan santi 3 ne kacal.

Da, mutane sukan sa kaya a santi 99 su lafta kuɗin aikawa don su kauce wa la'ada. Tun 2011 aka toshe wannan ƙofar, da aka fara cirewa har a kan aikawa. Sannan a duba rukunin da kaya ya faɗa, don littattafai da faya-fayan kiɗa la'adarsu ta fi wannan, ta haura kashi 15.

Hajiya Bilki:

Malam Habu ya gama da ciwon, bari in taɓa maganar buɗe tayi. A haɗa uwar kuɗi, da kuɗin ambulan ko kwali da salatif, da ainihin kuɗin gidan waya, da tsayayyen kuɗin nan. Sai a raba jimlar da 0.853, don in aka saka haraji na kashi 8 la'adar takan koma kusan 14.7. Abin da ya fito, a cire kuɗin aikawar da mai saye zai biya. Misali, uwar kuɗi dala 3, ambulan santi 50, gidan waya dala 4, sai santi 30: 7.80. A raba, 9.14. A cire 4, saura 5.14. Duk tayin da ya tsaya ƙasa da haka faɗuwa ce, kuma ba a sa ladan wahala ba tukuna.

Buɗe tayi a santi 99 yana aiki ne ga kayan da ake rububinsa, wanda mutum biyar ko shida za su yi ta ture juna a daƙiƙun ƙarshe. Kayan sha'awa da yawa mai nemansa ɗaya ne a wannan makon. In shi kaɗai ya taya, a santi 99 zai ɗauka, kuma dole a sallama masa. Kafin a sa komai a nemi irinsa a cikin waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ke jiran mai saye ba. In ba a ga ana yawan tayawa ba, a sa tsayayyen farashi tare da damar neman ragi.

Ɓoyayyen farashin nan da ake sawa, wanda in tayi bai kai shi ba ba a sallamawa, ƙaramin mai sayarwa ya bar shi. Kuɗinsa dala 5 ne ko kashi 7.5 na farashin, duk wanda ya fi yawa, kuma a sayar ko kada a sayar sai an biya.

Ɗan Gwanjo:

Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa kaya kashi-kashi. Motoci goma ɗai-ɗai a dala 5, da lissafin Malam Habu, an cire 16.20. A haɗa su ƙunshi ɗaya a dala 50, aikawa dala 6, abin da za a cire bai wuce 8.63 ba, ga ambulan tara da suka huta.

Sauran wuraren da kuɗi ke ɓuya: ana ba da damar sa kaya 250 kyauta a wata, bayan nan santi 35 kowanne, kuma kayan tsayayyen farashi suna sabunta kansu duk wata, kowane sabuntawa yana cin guda a cikin 250 ɗin. In mai saye daga wata ƙasa yake, mai sayarwa a Amurka zai ƙara kashi 1.65. Sai talla, in ka zaɓi eBay ya tallata kayanka, wadda mafi ƙarancinta kashi 2 ne, ita ma a kan jimla duka. Akwatin tallar yakan zo da adadin da suka ba da shawara, sau da yawa sama da haka nesa, a duba shi kafin a danna.

Hajiya Bilki:

Ɗan Gwanjo, da gyara a zancen ƙunshi. Wa ya ce goma za su tashi a 50? Mai tarawa guda ɗaya yake nema ya cike gurbi, ba zai biya kuɗin tara da yake da su ba. Ƙunshi 'yan sari yake jawowa, su kuwa rabin kuɗi suke tayawa. In ya tsaya a 30, an tsira da dala 10 da ɗoriya na la'ada an zubar da 20. A ware masu daraja a sayar ɗai-ɗai, tarkacen ne ake haɗawa. Ko kuma a sa gwanjon duka su ƙare rana ɗaya, a rubuta cewa ana haɗa aikawa, wanda ya ci uku ya biya a oda ɗaya.

Sani Tarkace:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To amma na ji a Jamus da Ingila an cire wa masu sayar da kayan kansu la'ada gaba ɗaya. Su sun huta ke nan?

Malam Habu:

Haka ne, Jamus a Maris 2023, Birtaniya a Oktoban 2024, ban da motocin hawa. Amma a Birtaniya, a Fabrairun 2025 aka ɗora wa mai saye kuɗin kariya a kan kayan irin waɗannan masu sayarwa, wani tsayayye wani kaso. An ba ka da dama an karɓe da hagu. Mai tayi ya riga ya yanke iyakar abin da zai kashe, saboda haka duk abin da aka ɗora masa daga tayinsa zai rage shi. Sannan sassaucin na wanda ke rage kayan gidansa ne. Wanda ke saro kaya don ya sayar ya ci riba, ko da sha'awa ce ta kai shi, ɗan kasuwa ne a dokarsu, asusun kasuwanci ya kamata ya buɗe, kuma can la'ada tana nan daram.