Ɗana na fari zai bar gida, tsohuwar da nake jinya ta ce in buɗe baki in yi masa magana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ni 'yar Damagaram ce, amma shekara 19 ke nan ina zaune a Bronx, cikin birnin New York. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara 4 ke nan ina jinyar wata tsohuwa Bayahudiya a Brooklyn, ta haura 80, jikokinta na ce mata Bubi, wato kaka, ni ma haka nake kiranta. 'Ya'yanta biyar, kowa ya kama gabansa tun tuni.

Ɗana na fari ya samu jami'a a Buffalo, ƙarshen watan Agusta zai tafi. Tafiyar kusan awa 8 ce a bas. Tun da takardar ta zo barci ya ƙaurace mini. Wata Juma'a da yamma ina jera mata kyandir biyun da take kunnawa minti 18 kafin faɗuwar rana don shigowar Asabar, ranar hutu a addininsu, sai ta hango ina share ido da bakin mayafi. Ta ce in jawo kujera.

Ta ce kada in cika masa kunne ranar tafiya, don abin da zuciya ba ta ɗauka a shekara 18 ba, ba za ta ɗauka a bakin ƙofa ba. Ita abin da take yi wa kowane ɗa nata idan zai bar gida, sai ta naɗe dala ɗaya ta damƙa masa, ta ce wannan ba taka ba ce, aike ne, idan ka sauka ka miƙa wa mabukaci. A wurinsu wanda aka aika aikin alheri yana cikin tsari har ya isar da saƙo. Sunan abin ma da Ibrananci kusan namu ne, tsedaka suke cewa. Sannan ta yanka musu rana guda ta waya: Juma'a kafin rana ta faɗi, tunda su ba sa taɓa waya daga nan sai Asabar da dare. Wannan kam na gani da idona. Babban ɗanta furfura ta cika masa kai, amma ba ya fashi. Ni ke riƙe mata wayar saboda hannunta na rawa, sai ta lumshe ido ta kama sunansa ta sa masa albarka, kamar yana durƙushe a gabanta. Ta ce duk cikinsu ba wanda ta taɓa ce wa sai ka zama likita, kalma ɗaya take nanata musu, mensh, ma'ana mutumin kirki. Ta kuma ce in tabbatar yaro ya san idan ya faɗi jarrabawa ko ya yi abin kunya, ni zai fara kira, ba ni zai fara ɓoye wa ba.

Daga nan ta tambaye ni sunansa, sai bakina ya yi nauyi. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi mun yi hira mu biyu ba. Aike ne tsakaninmu, da faɗa idan ya yi laifi. Na yi mata bayanin al'adarmu, ta saurara har na gama, sannan ta ce su kuma sunan mamatansu suke sa wa jarirai don kada sunan ya bar bakin mutane. Ta ce: yaron nan zai tafi inda ba mai faɗa masa abin da ke ranki, sai ke.

Tambayata biyu ce. Akwai laifi in yi aiki da shawararta? Kuma ta yaya zan karya kunyar shekara 18 a cikin 'yan makonni? Babansa ya ce zai yi masa nasiha a hanya, amma ni ma ina da abin faɗa.

Wata uwa daga zangon Kumasi:
'Yar uwa, kin taɓa mini inda ke min ƙaiƙayi. Ni ma 'yar fari ce, mahaifiyata ba ta kama sunana ba har ta koma ga Allah, kuma ban taɓa jin ba a so na ba. Amma dubi gidan da na tashi. Kaka na nan, goggo na nan, ƙannen uwa na shiga suna fita. Abin da uwa ta haɗiye, su ke furta shi. Daren da za a kai ni ɗakin miji goggona ce ta zaunar da ni ta faɗa mini duk abin da innata ke son faɗa. To ke a benen Bronx wa zai karɓe ki? Kin ɗauko kunyar kin ƙetare teku da ita, amma masu cike gurbin kin baro su a Damagaram. Ki yi masa magana, ba wanda zai yi a madadinki.

Wani ɗan uwa daga Sakkwato:
Allah ya raya, ya sa albarka a karatun. Ni dai a ganina ba mu rasa namu ba. Ki buɗe Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19, nasihar uba ga ɗa tana nan cif: kada ka yi shirka, ka tsai da salla, ka yi haƙuri, kada ka yi tafiyar taƙama, ka sassauta murya. Ki karanta masa da fassara. Mai rijiya a gida ba ya roƙon ruwa a maƙwabta.

Wani malamin Islamiyya daga Zariya:
Malam, ayoyin da ka kawo su ne tushe, ba ja. Amma baiwar Allahn nan ba aƙida ta je nema ba, maƙwabciya ce mai shekaru ta ga hawayenta ta ba ta shawara. A Sahihul Bukhari Annabi (SAW) ya yi izinin a ba da labari daga Bani Isra'ila, ba laifi. Ma'aunin shi ne kada abu ya saɓa wa shari'a. Ba yaro kuɗi ya yi sadaka idan ya sauka alheri ne, sai dai ki ba shi da niyyar sadaka, kada ki ƙudurce kuɗin ne ke tsare shi. Allah ke tsarewa. Addu'ar sallamar matafiyi kuma muna da ita: Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika.

Batun kunya kuwa, Hajiya, al'ada ce, tana da kyanta, amma ba hukunci ba ce. Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, shi kuma ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Idan sunan surukinki ne ya yi miki nauyi, ki kira shi da laƙabin da ake kiransa a gida, amma ki dafa kansa, ya ji albarkar daga bakinki.

Wata ɗalibar tarihi daga Jamus:
Anti, abin da Bubi ta yi miki tsohuwar hanya ce a wurinsu. Suna da al'adar rubuta wa 'ya'ya wasiyyar hali, ba ta dukiya ba. A nan Hamburg aka yi wata 'yar kasuwa mai suna Glikl, mijinta ya rasu a 1689 ya bar ta da 'ya'ya 12. A 1691 ta fara rubuta musu labarin rayuwarta da Yidish, harshen Yahudawan Turai, cikin dararen da barci ya ƙi zuwa. A ciki ta kawo labarin tsuntsun da ke ƙetarar da 'ya'yansa teku yana tambayar kowanne ko zai rama masa idan ya tsufa. Waɗanda suka ce za su rama, sai ya sake su cikin ruwa; wanda ya tsira shi ne wanda ya ce ba zai iya alkawarin haka ba, amma abin da aka yi masa zai yi wa nasa 'ya'yan. Na kawo wannan ne don mu muna yawan sallamar yaro da lissafin wahalar da muka sha a kansa, sai ya fita da bashi a wuya. Kuma idan baki ya ƙi, ki rubuta. Takarda ba ta jin kunya, zai kuma iya sake buɗe ta a daren da kewa ta kama shi.

Wani matashi, ɗalibi a Amurka:
Mama, bari in yi magana daga ɓangarenmu. Rana guda ta waya gaskiya ce. Lokacin da ake kirana kullum ban cika ɗauka ba, da aka mai da shi Lahadi bayan la'asar ni ke jira. Kuma don Allah kada kalmar farko ta zama "ka yi salla?" Ki fara da me ya ci, wa ya sani a ɗakin kwana, sallar za ta shigo da kanta. Makon farko ya nemi ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta jami'ar, su za su nuna masa inda ake Juma'a da inda ake samun naman halal. Sanyin Buffalo kuma ba irin na Bronx ba ne, ƙanƙara na zuba sosai, a saya masa rigar sanyi mai kauri da takalmin ƙanƙara tun kafin Nuwamba. Ki koya masa dafa-duka da miya ko guda biyu, ki ƙulla masa yaji da kuka.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam na Sakkwato, na sa babansa ya buga mini ayoyin, su ne a shafin farko. Na sayi littafin rubutu, na cika shafi uku da Hausa, don da ita nake kuka. Jiya bayan isha'i ina tuƙa tuwo na kira shi da laƙabinsa, karo na farko. Ya zo ya tsaya a ƙofar kicin da waya a hannu, ya ce, "Mama, ni kike kira?" Na ce kai, zo ka riƙe mini tukunyar nan. Mun kai sha ɗaya na dare muna magana. Yau da na gaya wa Bubi, ta sa na ɗauko mata jakarta, ta zaro dala ɗaya ta naɗe, ta ce in haɗa masa da tawa.