Wai mi ya haifi C# ne?

Ɗalibi, Yamai: Salamu alaikum ƴan uwa. Malaminmu ya ce wai rigimar lasisi ta haifi C#, harshen nan na rubuta manhajar kwamfuta, gaskiya ne ko zance ne kawai?

Ɗan Tawa: Wa'alaikum salam ƙanena, akwai gaskiya ciki. Sun Microsystems ta fitar da Java, wani harshen rubuta manhaja, a 1995, Microsoft ta karɓi lasisi amma ta yi mata kwaskwarima don Windows kaɗai, sai Sun ta maka ta kotu a 1997, suka sasanta a 2001, ita kuwa Microsoft ta ƙirƙiro C# abinta a madadin Java.

Ƴar Yamai: Ai ko Oracle, tunda ta sayi Sun a 2010 ta kai ƙarar Google kan amfani da Java cikin Android, sai 2021 kotun ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. Shekara goma sha ɗaya fa!

Ɗalibi, Yamai: Kai! Na gode yaya, ni dai Python zan ci gaba da ita.