Wa ya taɓa kwana a ƙaramin jirgin ruwa? Ina neman dabarar jiri da amai

Hajiya Mariya, Nima:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗana da ke Jamus ya biya mana kuɗin yawon mako guda a tsibiran Girka, ni da shi da matarsa. Jirgin ƙarami ne, irin mai tafiya da iska, wanda ake ɗaura wa manyan ƙyallaye a sama. Fasinjojin ba su kai 40 ba, kuma a ciki za mu riƙa kwana. Ina murna, amma gabana na faɗuwa. Ni ko motar Kumasi na shiga, kafin Nkawkaw zuciyata ta fara tashi. Ga maganin hawan jini da nake sha kullum. Wanda ya taɓa shiga teku, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Baba Sule, Tema:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara 19 na yi a jiragen kamun kifi, kuma fitata ta farko kwana biyu na yi ban san inda kaina yake ba. Kuskurena shi ne da jiri ya kama ni, sai na gudu ƙasa na shige ɗaki. Can ga zafi, ga warin gas na inji, ga bango yana tsaye a idona alhali jikina yana jin ana lilo da shi. Wani dattijo Bafante ne ya jawo ni sama, ya zaunar da ni inda iska ke bugawa, ya ce in kafa ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, kada in kalli ƙafata. Kafin la'asar na iya shan ruwa.

Ki sa yaronki ya nemo miki ɗaki a tsakiyar jirgi, kuma ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi shi ya fi tashi da faɗuwa. Amma ɗakin na barci ne kawai, da rana ki zauna a waje. In amai ya zo, kada ki danne shi, ki juya wa iska baya, ki riƙe ƙarfe da kyau. Yawancin mutane kwana biyu zuwa uku jikinsu ya saba.

Rabi, Madina:
Mma, ni na shiga irin wannan a Turkiyya, daga Bodrum, jirgin katako. Ranar farko na cika ciki da soyayyen abu da safe, kuma da muka tashi na duƙufa a waya ina tura hotuna gida. Minti 20 ban yi ba zufa mai sanyi ta karyo mini. Washegari busasshen burodi da shayin citta kawai na sha, waya kuma ta koma jaka. Lafiya lau na wuni. Abu ɗaya da ba wanda ya gaya mini: in iska ta cika ƙyallayen, jirgin yana kwantawa gefe ɗaya ya daɗe a haka. Na ɗauka kifewa za mu yi, tsoro ya ƙara mini tashin zuciya. Ashe tafiyarsa ke nan. Ni ma har na fi jin daɗinsa a haka, don ya fi gunjin inji da jijjigarsa sauƙi a jikina.

Awudu, Sabon Zongo:
Ni dai citta ba ta yi mini komai ba. A watan Agusta na bi abokaina masunta daga Jamestown a kwalekwale, na tauna citta har bakina ya yi zafi, na ɗaura abin hannun nan mai danna jijiya, duk da haka na amayar da komai. Kuma da yunwa na fita, don wani ya ce mini ciki babu komai ba ya amai. Ƙarya ne Hajiya, kakari ba abin fitarwa ya fi wahala.

Anti Zainabu, Maamobi:
Ni nas ce, kuma na sha wannan jirin a Ada, wajen da Volta ke shiga teku. Abin da Baba Sule ya faɗa yana da tushe. A can cikin kunne akwai abin da ke auna motsin jiki. In kunne ya ce ana motsi, ido ya ce ba a yi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, daga nan tashin zuciya. Shi ya sa kallon nesa ke taimako, karatu da waya ke ɓatawa. In dole ki kwanta, ki kwanta rigingine ki rufe ido.

Maganin kuma kafin a tashi ake shan sa. In amai ya fara, ƙwaya ba ta zama a ciki. Ƙwayar jiri mai suna Stugeron awa biyu kafin shiga jirgi ake sha, kuma yana sa barci. Akwai na mannawa a bayan kunne, ana sa shi awa biyar zuwa shida kafin tafiya, yana aiki har awa 72. Yana busar da baki, kuma mai gilakoma, wato hawan jinin ido, bai kamata ya taɓa shi ba. In kin manna, ki wanke hannu kafin ki shafi ido. Hajiya, abin da ya fi damuna shi ne hawan jininki. In kina amai, maganinki ma yana iya fita, jiki kuma ya bushe. Ki ga likitanki da jerin magungunanki kafin ki sayi komai, ki gwada na jirin a gida rana ɗaya ki ga yadda zai yi miki. Ki tafi da ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake jiƙawa a ruwa, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Malam Idi, Nima:
Hajiya, a kan salla kada ki takura wa kanki. Ni a jirgin Tafkin Volta ruku'u ne ya tayar mini da jiri. Wanda tsayuwa za ta cutar da shi, ya yi a zaune.

Rabi, Madina:
Mma, wane wata ne tafiyar? A tekun Ejiyan, gabashin Girka, akwai iskar arewa da suke kira meltemi, a Yuli da Agusta ta fi ƙarfi, musamman wajen tsibirin Mikonos. Gefen yammacin Girka, wajen tsibirin Korfu, ruwan ya fi kwanciya.

Hajiya Mariya, Nima:
Allah ya saka muku da alheri. Rabi, Agusta ne, kuma na ji yaron yana ambatar Mikonos. Yau da dare zan kira shi ya tambaya ko za a iya ɗagawa zuwa ƙarshen Satumba, ya kuma yi maganar ɗakin tsakiya. Zainabu, ranar Litinin zan je asibiti, dama ina da awon ido. Baba Sule, in an sauko shi ke nan ya wuce?

Baba Sule, Tema:
Amai yana tsayawa da kin taka ƙasa. Sai dai za ki ji ƙasar tana lilo da ke, yini ɗaya ko biyu, musamman in kin rufe ido a wajen wanka. Ki dafa bango. In ya wuce mako bai daina ba, ki koma wurin likita.