Tsuntsun Burodi da Makullin Roba

Binta:
Jama'a ku matso, na buɗe fagen da kaina,
Littafin zane na Persepolis ya hana ni rintsa idona,
Marjane Satrapi ta zana yarintarta a Tehran, babban birnin Iran,
Baƙi da fari kawai, amma ya taɓa raina.
Tana 'yar shekara goma a 1980,
Aka wajabta musu lulluɓi a makarantar bokonsu.

Malam Sani:
Ƙanwata Binta, sannu da ƙoƙari,
Sai dai ki sa wannan a cikin nazari,
Gidansu masu hali ne, ga mota ga 'yar aiki,
Muryar gida ɗaya ba ta zama ta gari.
Talakawan da suka kori Shah, sarkin Iran, a 1979,
Ai su ma suna da nasu labari.

Binta:
Yaya Sani, gaskiyarka, ban musa ba,
Ita ma yarinyar ba ta ɓoye ba,
Ta ji kunyar shiga Cadillac ɗin babanta,
Mehri 'yar aikinsu ba ta ci tare da su ba.
Da yaƙin Iran da Iraki ya ci samari,
Ɗan mai yi musu aiki bai wuce sha huɗu ba,
Aka miƙa masa makullin roba mai ruwan zinari,
Wai in ya faɗi a fage, Aljanna ba za ta ƙi buɗuwa ba.
Peyman, ɗan'uwan Marjane, yana can yana shirya liyafa,
Shi ba a ba shi makullin ba.

Hajiya Larai:
'Ya'yana, ni Anoosh, baffan Marjane, ya sa ni kuka,
Shekara tara Shah ya tsare shi a kurkuku,
Ya fito, sabuwar gwamnati ta sake kama shi,
Wai ɗan leƙen asirin Rasha ne, ku ji da kunnenku.
Mutum ɗaya aka yarda ya gani kafin kisa,
Ya zaɓi 'yar ƙaramar nan, ya ɗora ta a cinya,
Ya ba ta tsuntsun da ya mulmula da burodi.
Nan na rufe littafin, na kasa riƙe zuciya.

Malam Sani:
Hajiya, nan kam ba ni da ta cewa,
Ni ma filin jirgi ya sa ni ƙwalla,
Tana sha huɗu aka tura ta Vienna ta ƙasar Austria ita kaɗai,
Gudun bama-bamai da halinta na rashin shiru,
Ta waiwaya ta gilashi don ta yi ban kwana,
Ta hangi uwarta a sume, uban yana ɗauke da ita.