Ɗumama jiki kafin a fara zagayen golf: me kuke yi a 'yan mintunan nan?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawara a wajen waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Ban jima da fara golf ba, a nan Kano nake bugawa, yawanci safiyar Asabar, kuma shekaruna sun ɗan haura hamsin. Abin da ke damuna shi ne ramukan farko guda uku ko huɗu jikina kamar ba nawa ba, kafaɗa a ɗaure, ƙugu ba ya juyawa, sai na kai wajen rami na biyar nake jin na sake, to a lokacin kuma maki ya riga ya tafi. Ga ciwon kwankwaso da nake tashi da shi ran Lahadi musamman yanzu da hunturu ya shigo. Ina ganin wasu suna zuwa da wuri su yi ta lanƙwasa jiki, wasu kuma daga mota sai kan ti, wato wurin da ake yin bugun farko na kowane rami. Wanne ne daidai? Idan minti 15 ko 20 kawai mutum yake da shi, me zai fara yi?

Dattijon Rayfield:
Wa alaikumus salam Alhaji, barka da shigowa cikinmu. Ni a Jos nake bugawa kuma ka san sanyin safiyarmu ba irin na Kano ba ne, don haka wannan magana mun san ta sosai. Abu na farko kada ka fara taɓa direba, wannan babbar sandar ita ce ta ƙarshe ba ta farko ba. Kana sauka daga mota ka yi tafiya da ɗan sauri na minti huɗu ko biyar har ka ji jiki ya ɗau zafi, ko zagaya wajen ajiye motoci ne ya wadatar. Sai ka ɗora sanda ɗaya a bayan wuya kan kafaɗu ka riƙe bakinta biyu, ka ɗan rusuna kamar za ka buga, ka rinƙa juyawa dama da hagu a hankali, kana ƙara nisan juyin kaɗan kaɗan ba da fizga ba. Bayan nan ka dogara da sandar ka rinƙa wurga ƙafa gaba da baya, kowace ƙafa sau goma, ka tsuguna ka miƙe kamar sau takwas, ka jujjuya hannuwa da wuyan hannu. Daga nan ne za ka je wajen gwaji ka fara da ƙaramar sanda weji, rabin bugu ba cikakke ba, sai ayon 7, wato sandar ƙarfe mai lamba 7, sai ka hau sama, ƙwallaye 20 zuwa 25 gaba ɗaya sun isa, kuma bugun ƙarshe ka yi shi da sandar da za ka buga rami na ɗaya da ita, kana hango ramin a ranka. Haka manyan 'yan wasa suke yi, daga weji suke farawa.

Hajiya Fiziyo:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara ta ɓangaren aikina. Baban Ummi, ƙasan baya shi ne wurin da masu golf suka fi kuka da shi, dalili kuwa bugun nan juyi ne mai ƙarfi zuwa ɓangare guda, kuma wuraren da ya kamata su yi juyin su ne ƙugu da tsakiyar baya wajen haƙarƙari, to idan waɗannan biyun a sandare suke sai nauyin ya koma kan kwankwaso wanda shi ba a halicce shi don juyi mai yawa ba. Mutum ya wuni zaune a ofis Litinin zuwa Juma'a, ya tuƙo mota, sannan ya sauko ya zabga direba da dukkan ƙarfinsa, dole baya ya yi magana.

Abin da nake so ku kiyaye: miƙa jijiya a tsaye cak, irin a kama yatsun ƙafa a tsaya minti guda, ba shi ne abin yi kafin wasa ba, idan aka daɗe a haka yana ma ɗan rage ƙarfin tsoka na wani lokaci. Wannan ku bar shi sai an gama ko da yamma a gida. Kafin wasa motsi ake so. Ku ɗan yi bugun iska ta ɓangaren da ba naku ba ma, na dama ya gwada na hagu sau biyar ko shida. Kuma Alhaji idan ciwon yana sauka ta cinya zuwa ƙafa, ko kana jin ƙafar ta yi sanyi ko tana mutuwa, wannan ba maganar ɗumama jiki ba ce, ka je a duba ka kafin ka sake ɗaukar sanda. Tiger Woods da kansa sai da aka yi masa aikin haɗe ƙashin baya a 2017 kafin ya dawo ya ci babbar gasar Masters a 2019, baya ba abin wasa ba ne.

Sani Fota:
Ni fa gaskiya ina da ɗan ja a kan zuwa wajen gwaji, ba wai Baba ya yi kuskure ba, amma na sha ganin sabbin shiga su sayi kwando cike da ƙwallaye su tsaya suna ta dukan ƙwallo hamsin sittin, bugu biyu ya karkace sai hankali ya tashi su fara canza riƙo da tsayuwa saura minti biyar a kira su, su zo kan ti a gajiye kai a cunkushe. Safiyar wasa ba lokacin gyaran bugu ba ne wallahi, abin da ka zo da shi ranar da shi za ka yi wasa, in ka ga ƙwallon tana karkata dama yau to ka saita hagu kaɗan ka ci gaba, gyara sai ran Talata da koci. In minti 15 ne da kai ni dai goma na jiki biyar na fota, wato sandar gangara ƙwallo cikin rami. Wajen kashi huɗu cikin goma na bugun da za ka yi a ramuka 18 da fota ne, kuma gudun ƙwallo a ƙasa yana canzawa kullum, da raɓa daban, da rana ta bushe wurin daban. Ka gangara ƙwallaye uku daga nesa don ka ji gudun, sannan gajeru na taku ɗaya har ka ji ƙarar faɗawarta rami.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya alhamdulillahi ciwon ba ya sauka ƙafa, iya kwankwaso ne. Wata tambayar kuma, akwai ƙaramar gasa da nake son shiga wata mai zuwa, shin zan iya zuwa da sassafe in ɗan gwada fota a kan rami na ɗaya ko na tara tunda sun fi kusa?

Dattijon Rayfield:
A'a Alhaji, kada ka yi sai ka tambayi kwamitin gasar. In irin gasar da ake ƙirga bugu ce, doka ta 5.2 ta hana gwaji a cikin filin wasan ranar gasa kafin ka fara, sai dai wurin da aka ware don gwaji, amma in karawar mutum da mutum ce rami da rami to an yarda. Kuma ka lura da agogo, wanda ya makara da bai wuce minti biyar ba bugu biyu ake ƙara masa a gasar ƙirga bugu, in ya wuce haka an fitar da shi ke nan. Ka iso minti 40 kafin lokacinka, ka bar rigar sanyinka a jiki har sai ka fara gumi kaɗan, ka sha ruwa tun kafin ka fita don iskar hunturu tana busar da mutum bai ji ƙishi ba. In an tsayar da ku jira a kan ti kada ka zauna a benci, ka haɗa ayon biyu a hannu ka rinƙa lilo da su a hankali har a kira sunanka.